Dokar 1807 ba ta 'yanta bayi ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa Birtaniya ta hana bauta a 1807, kuma William Wilberforce, ɗan majalisar dokokin ƙasar, ne ya yi aikin shi kaɗai. Duka biyun akwai gyara. Cinikin bayi dokar ta haramta, wato jigilarsu a jiragen ruwa daga Afirka. Bayin da ke gonakin rake a Jamaika kuwa, tsibirin da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, suka ci gaba da zama dukiyar iyayengijinsu.

Manyan masu fafutukar yaƙi da bauta sun fi son a bi batun 'yanta bayin sannu a hankali. Mata ne suka ƙi. A 1824 Elizabeth Heyrick ta fitar da ƙasida tana neman a 'yanta bayi nan take, ta kuma bi gida-gida a garin Leicester na Ingila tana roƙon a daina sayen sukarin gonakin bayi. Anne Knight, mutuniyar Chelmsford, ta duƙufa tara sa hannu kan takardun koke zuwa majalisa. Shi kansa Wilberforce bai so mata su tsoma baki ba.

Sai a 1833 aka yi dokar 'yanci. Masu bayi suka sha diyyar fam miliyan 20, bayin ko sisi ba su gani ba, aka ma ci gaba da tilasta musu aiki har 1838.

A taron yaƙi da bauta na duniya da aka yi a Landan a 1840, aka hana wakilai mata shiga muhawara. Abin ya ƙona wa Knight rai, ta juya ga neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, har ta taimaka aka kafa ƙungiyar siyasa ta mata a Sheffield a 1851.