Waƙa taka, makulli a hannun kamfani

A kasuwar Garwa da ta Marwa, a arewacin Kamaru, har yau akwai rumfunan masu tura waƙa. Ka miƙa katin memori, ka biya 'yan sefa, a cika maka shi da waƙoƙi da wa'azi da tafsirin azumin bara. Abin da aka tura ya zauna ke nan, ko da data ko babu. Amma matasa sun fara komawa manhajojin sauraro ta intanet, irin su Boomplay da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Infinix, da Spotify da ta iso Kamaru da Cadi a 2021. Ba na ƙin wannan. Damuwata tana kan fayilolin da mutum ya riga ya mallaka, ranar da ya bar manhaja ta shiga cikinsu.

An taɓa ganin abin a zahiri. Da kamfanin Apple ya buɗe Apple Music a watan Yunin 2015, manhajar kan duba waƙoƙin da ke kwamfutar mutum, ta nemo irinsu a rumbun kamfanin, don ya saurara a kowace na'urarsa. Wanda ya goge nasa na asali saboda ƙarancin wuri, ya sake saukowa, sai ya tarar an ba shi kwafi mai ɗauke da FairPlay, wato kullen da Apple ke sa wa waƙoƙin haya. Ranar da ya daina biyan kuɗin wata, waƙar ta daina tashi. Gaskiya a 2016 kamfanin ya gyara tsarin. To amma shekara guda aka yi a haka, kuma kamfanin da ya cire kulle daga waƙoƙin da yake sayarwa a iTunes tun 2009 ne ya yi.

Kulle a kan waƙar haya ba laifi ba ne. Mawaƙi na da haƙƙi, kuma mu faɗi gaskiya, mai rumfar tura waƙa ba ya aika masa ko sisi. Wanda ya biya kuɗin wata ya san aro ya ɗauka. Amma faifan da ka saya da kuɗinka, ko kaset ɗin bikin iyayenka da ka kai aka juya maka zuwa waya, ajiya ka bayar. Mai shagon da aka bai wa ajiyar buhu ba shi da ikon canza kwaɗo ya ce sai an biya shi duk wata kafin a ɗebi mudu.

A nan arewa hatsarin ya fi na Turai. Yawancin abin da muke ji da shi ba ya cikin rumbun kowane kamfani: kiɗan algaita na fadar Lamiɗo ranar hawan salla, ƙasidun Fulatanci da na Hausa da aka ɗauka a zaure, karatun malamin da ya rasu. Idan manhaja ta yi kuskuren haɗa su da wata waƙa mai kama da suna, kai kuma ka goge naka, shi ke nan, babu inda za ka sake samu. Ga shi kuma fayil mai kulle sai ya riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci yana neman izini. Mutanen Injamena da suka ga an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 sun san hanyar intanet na iya rufewa da umarnin mutum ɗaya. Kamfanin ma yana iya naɗe tabarmarsa, kamar yadda Google ya rufe Play Music a 2020.

Saboda haka kafin manhaja ta taɓa fayil ɗin mutum, ya kamata ta gaya masa ƙarara, da harshen da yake ji, ko kwafin da za ta mayar masa yana da kulle. Kafin kamfanonin su yarda da hakan, duk wanda waya ta ce masa wuri ya cika, ya fara kwashe na asali zuwa katin memori na biyu tukuna ya danna gogewa.