Bulala ba ta hana yaro zuwa kududdufi, gara a koya masa iyo

Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san wannan binciken. Ka dawo gida da la'asar idonka ja, Inna ta kira ka, ba ta tambaye ka komai ba, farce kawai za ta sa ta karci ƙaurinka, in ya yi fari to asirinka ya tonu, ka shiga ruwa. Sai bulala. Na sha ta ba adadi, kuma wallahi ko sau ɗaya ba ta hana ni komawa ba, abin da ta koya min kawai shi ne in riƙa shafa mai kafin in shigo gida.

A haka muka koyi iyo, a ɓoye, a ramin da aka haƙi ƙasar bulo damina ta cika shi, babu babba ko ɗaya a wajen, malaminmu yaro ne da bai girme mu da shekara biyu ba. Wasu cikinmu har tsargiya suka kwasa suna fitsarin jini suna ɓoyewa. Kuma a ramin nan ruwa ya ci abokinmu ɗaya muna tsaye. Abin da har yau yake damuna, bai yi ihu ba. Mu a tunaninmu wanda ruwa zai ci kururuwa yake yana ɗaga hannu, ashe ba haka ba ne, bakin nan numfashi yake nema ba magana ba, kansa ya leƙo sau biyu ko uku muna dariya mun ɗauka wasa yake, shi ke nan. Da aka ciro shi da magariba manya suka ce ai ramin akwai mutanen ɓoye. Ramin dai gefensa a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansa laka, taku ɗaya ka bar gwiwa ka faɗa inda ya shanye ka. Allah Ya jiƙansa.

To ni fa ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya ji: hanin da muke yi bai kare yaranmu ba, ya dai tura su ruwa ba ilimi ba mai sa ido. Kuma mu ne kullum muke kawo maganar nan da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, a wa'azi kawai.

Sannan ba yaro kaɗai ba. Ka ce kai ba ka zuwa rafi, to ranar kasuwa fa, ranar biki fa? A Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa a wajen Warrah ta Ngaski a Kebbi. Ƙarshen Nuwamban shekarar, kwale-kwale daga Badau zuwa Bagwai ya nutse a dam ɗin Watari a Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Yunin 2023 a Patigi ta Kwara sama da mutum 100 suka rasu, 'yan biki ne suna dawowa da dare. Na san lodi ya yi yawa, na san jiragen sun tsufa, kuma na san ko Basarke ne aka kifar da shi tsakiyar kogin Neja da duhu mutane suna riƙe shi zai sha wuya, shi ya sa rigar nan ta ruwa da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ke ta magana a kai ba ado ba ce, a saka ta ko da an iya. Amma wanda ya taɓa koyon kwanciya rigingine a kan ruwa ya saki jiki yana numfashi, ba ɗaya yake da wanda ranar ce farkon shigarsa ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi mata ne. Mu ko a sace mun koya, su ko sau ɗaya, ga zani ga hijabi ga goyo a baya. Me zai hana a ware musu rana da mace mai koyarwa, ko a dam ko a wurin iyo na otal, kamar yadda ake ware musu komai?

In kuma ka ga ruwa zai ci wani, don Allah kar ka daka tsalle don jarumta, zai maƙale ka ku tafi tare, an sha ciro gawa biyu a rungume. Miƙa masa gora ko rawani, ko ka jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe. In an fito da shi ba ya numfashi a bar wannan danna cikin da juya shi ƙasa wai ya amayar da ruwa, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, a nufi asibiti.

Ni dai Asabar ɗin da ta wuce na kai 'yata mai shekara bakwai, ta sha ruwa ta yi kuka ta ce ba za ta ƙara ba. Jiya da dare ita ce ta zo tana tambaya ta ko an wanke mata kayan.