Cikar RAM ba lalacewar sabar imel ba ce

A wasu ofisoshin masu casar shinkafa na Kura, da zarar an ga RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) ɗin sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika wasiƙu, ya cika, sai a kashe sabar a sake kunnawa, ana zaton ta lalace. Alhali da gangan Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, yake ajiye bayanan da ya karanta a duk gurbin da ya samu a RAM, kuma yana sakin wurin da zarar wata manhaja ta buƙace shi. Abin damuwa shi ne sabar ta koma juye bayanai a faifai saboda RAM bai ishe ta ba, har wasiƙu su yi layi. A nan sai a fara duba ClamAV, mai tace ƙwayoyin cutar kwamfuta, domin shi kaɗai yakan cinye fiye da gigabait 1 na RAM.