Kamu na biyu ba irin na farko ba ne

'Yan'uwana matasa, musamman wanda aka taɓa kamawa yana tuƙi a buge, ya biya tara aka sallame shi: kada ka ɗauka magana ta ƙare. Hukuncin nan yana rubuce a sunanka, kuma da shi kotu za ta auna ka ranar da ka sake dawowa gabanta.

A Ingila iyakar barasa ita ce miligiram 80 cikin mililita 100 na jini. Karon farko a hana ka tuƙi aƙalla wata 12. In aka sake samunka da laifin cikin shekara 10, hanin ba zai gaza shekara 3 ba, ga tarar da ba a ƙayyade mata iyaka ba, ga yiwuwar wata 6 a gidan yari. Ko wa'adin ya cika, lasisi ba zai dawo hannunka ba sai likitan da hukuma ta zaɓa ya gwada jininka.

Kanada ta fi tsanani. Laifi na biyu aƙalla kwana 30 ne a kurkuku, na uku aƙalla kwana 120. Alƙali ba shi da ikon ragewa don kawai kai kaɗai ke ciyar da gidanku. Tun Disamban 2018 laifin ya shiga sahun manya, har baƙo mai takardar zaman dindindin na iya rasa ta a kore shi. Wannan ne ya fi ba ni tausayi: wahalar shekaru ta tafi a dare ɗaya.

Wasu kan yi dabarar ƙin hura na'urar gwaji. A ƙasashen nan biyu, ƙin hurawar ma laifi ne mai zaman kansa. Wasu kuma safiya ke cin su. Sun yi barci, sun yi wanka, sun sha kofi, suna ganin sun wartsake, alhali hanta a hankali take tace barasa, babu abin da ke hanzarta ta. Wanda ya sha da yawa da tsakar dare yana iya faɗuwa gwaji da hantsi.

In kuwa ka kashe rai, tun Yunin 2022 kotun Ingila na iya yanke maka ɗaurin rai da rai.

Wanda ya riga ya faɗa, don Allah ka nemi lauya tun kafin ranar zaman kotu, ka nemi magani in shan ya fi ƙarfinka. Kada ka taɓa sitiyari lokacin hani, ko da kaiwa asibiti ne, sai dai wani ya ja, domin wannan ma sabon laifi ne da ke kai mutum gidan yari.