Biyayyar samurai ba ta makanta ba ce

Ana yawan yaɗa hotunan mayaƙan samurai na ƙasar Jafan a kafafen sada zumunta, a haɗa da kalaman da ke nuna cewa su barori ne da ke ba da ransu ga ubangidansu ba tare da ko tambaya ba. Abin da yake damuna shi ne masu riƙe da iko ne suka fi son wannan labari, domin yana ba su damar neman biyayya daga na ƙasa ba tare da sun sauke nasu nauyin ba. Tarihin Jafan bai goyi bayan wannan fahimta ba.

Tun lokacin da Minamoto no Yoritomo ya zama shogun, wato shugaban gwamnatin mayaƙa, a 1192, alaƙar ubangida da baransa alkawari ce mai fuska biyu. Bara zai fito yaƙi da dokinsa da makamansa da mutanensa, shi kuma ubangida zai tabbatar masa da mallakar gonakinsa, ya ƙara masa idan ya yi bajinta. Labarin Takezaki Suenaga ya ishe mu misali. Wannan barde daga lardin Higo ya yaƙi Mongolawa lokacin da suka kawo hari a 1274, amma da aka zo rabon lada sai aka manta da shi. Bai zauna yana haƙuri ba. Ya sayar da dokinsa da sirdinsa ya yi guzuri, ya yi tattaki har birnin Kamakura, mazaunin gwamnatin shogun, ya tsaya gaban babban jami'i Adachi Yasumori ya zayyana abin da ya yi a fagen fama, har aka ba shi ƙasa da sabon doki. A ganina wannan mutum bai ci amanar kowa ba, haƙƙinsa ya nema, kuma hukumar zamaninsa ta yarda haƙƙinsa ne. Sauran mayaƙa da yawa ba su samu komai ba, saboda yaƙin kare gida ne aka yi a 1274 da 1281, ba a ci ƙasar abokan gaba da za a raba ba. Wannan ɓacin rai yana cikin dalilan da suka raunana gwamnatin Kamakura har ta rushe a 1333.

A zamanin yaƙe-yaƙen da ya biyo bayan yaƙin Onin na 1467 kuwa, sauya ubangida abu ne da aka saba gani. Akechi Mitsuhide, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Oda Nobunaga, babban shugaban mayaƙa na lokacin, shi ne ya yi wa ubangidansa ƙawanya a wurin bauta na Honnoji da ke Kiyoto a 1582. A gumurzun Sekigahara na 1600, sauya ɓangaren da wani shugaban mayaƙa, Kobayakawa Hideaki, ya yi ana tsakiyar faɗa tana cikin abubuwan da suka ba Tokugawa Ieyasu, wanda daga baya ya zama shogun, nasara.

Ba ina cewa babu masu amana ta gaskiya ba. Torii Mototada ya tsare ganuwar Fushimi a wannan shekara ta 1600 da mayaƙa kimanin 2,000 a gaban rundunar da ta ninka tasa sau da yawa, yana sane da cewa ba zai fita da rai ba, domin kawai ya saya wa Ieyasu lokaci. Sai dai a tuna cewa tun suna yara suke tare, lokacin da Ieyasu yake tsare a hannun gidan Imagawa a matsayin jingina, kuma bayan nasara Ieyasu ya ɗaukaka ɗan Mototada da ƙasa mai faɗi. Irin wannan amana gina ta aka yi shekara da shekaru, ba umarni ne ya haifar da ita ba.

Yawancin kalaman mutuwa domin ubangida da ake yaɗawa a yau an rubuta su ne bayan an daina yaƙi. Daga 1603 da gidan Tokugawa ya karɓi mulki, samurai sun koma ma'aikatan hukuma da ake biya albashi da shinkafa, da mudun da ake kira koku, kimanin lita 180. Yamamoto Tsunetomo, wanda aka tattara maganganunsa a littafin Hagakure a farkon ƙarni na 18, bai taɓa shiga fagen yaƙi ba, kuma ita kanta hukuma ta haramta wa bara kashe kansa don bin ubangidansa kabari tun 1663. Da gwamnatin sarki Meiji, wadda ta maye gurbin ta gidan Tokugawa, ta soke albashin gado ta kuma hana rataya takobi a 1876, shekara guda kacal aka yi samurai na yankin Satsuma suka ɗaga makami a ƙarƙashin Saigo Takamori, suka yaƙi gwamnatin da da yawansu suka taimaka aka kafa.