Fim ɗin da tallarsa kaɗai ta rage

A watan Janairun 1926 kamfanin Paramount ya saki wani fim na barkwanci mai suna The American Venus. Lokacin fina-finai ba su da murya, sai rubutu ya riƙa fitowa tsakanin hotuna, mai kiɗa na gefe yana yi wa 'yan kallo rakiya. Yau ko nawa mutum zai biya ba zai kalle shi ba. Ya ɓace, sai 'yan guntayen tallarsa da hotuna.

Labarin ba mai nauyi ba ne. 'Yan kasuwa biyu masu haɗa man shafawa suna hamayya, sai wani gwanin talla ya ga cewa in 'yar ɗayansu ta shiga gasar sarauniyar kyau, man ubanta zai yi kasuwa. Esther Ralston ce ta fito a matsayin yarinyar, Frank Tuttle ya ba da umarni. Wani zai ce to mene ne abin jimami a nan? Ai shirme ne na tara kuɗi.

Ban yarda ba. Masu fim ɗin sun ɗauki kyamara har Atlantic City, wani birni na bakin teku a Amurka, a watan Satumban 1925, suka ɗauki gasar Miss America ta gaske, har Fay Lanphier da ta lashe kambin shekarar ta fito a ciki. Wasu sassan ma da launi aka yi su, abin da ba kasafai ake gani ba a lokacin. A nan ne kuma aka fara rubuta sunan Louise Brooks, wadda daga baya ta zama shahararriyar jaruma, cikin 'yan wasa. Wato a cikin faifan nan akwai suturar mutane, da cincirindon bakin teku, da yadda 'yan kasuwar lokacin suka gane cewa fuskar mace tana sayar da kaya. Wanda ke son sanin inda wannan ɗabi'a ta samo tushe, ko yana ƙyamarta ne, ya rasa babbar shaida.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Rahoton da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen fina-finai marasa murya kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun salwanta. Gaskiya ne faifan wancan zamani na da saurin kama wuta, yana kuma ruɓewa da kansa. Gobarar rumbun kamfanin Fox a 1937 ta cinye masu yawa. Amma kada a ɗora wa wuta laifin duka. Da murya ta shigo bayan 1927, kamfanoni suka ɗauki tsofaffin fina-finai tamkar kwantan kaya, wasu aka narkar don a cire azurfar da ke jiki. Wannan shi ya fi ci mini rai, domin da gangan aka yi.

Har yanzu da sauran dama. A 2010 an sanar da gano fina-finan Amurka 75 a rumbun ajiya na New Zealand, a 2018 kuma cibiyar fina-finai ta Birtaniya ta ci karo da 'yan daƙiƙoƙi masu launi na Louise Brooks da ake dangantawa da wannan fim. Kamfanonin da suka ci ribar wancan zamani suna nan da ƙarfinsu. Su ya kamata su biya kuɗin bincika rumbunan ƙasashen waje, tun kafin sauran faifan su zama gari.