Mai ɗaukar hoton mama, ma'aikaciyar da ba ma ba ta haƙƙinta

Duk watan Oktoba sai ka ga Facebook da WhatsApp sun cika da ruwan hoda, kowa na ɗora ɗan ƙyallen nan na alamar yaƙi da kansar mama, ana ta kiran mata su je a duba su saboda kansar mama, gidajen rediyon Kano su gayyato likita ya yi bayani, kuma duk wannan daidai ne wlh ba ni da ja. Amma akwai wadda ba a cika ambatonta ba a duk hidimar nan, ita ce wadda za ku shiga ɗaki ku biyu ta rufe ƙofa ta ce ki cire riga, ta ɗauki hoton da hannunta. A kanta nake so mu yi magana yau, don ni a ganina in aikinta bai yi kyau ba to duk sauran hidimar ta tashi a banza.

Da farko dai ba nas ba ce, ba kuma likita ba ce, radiyografa ce, wato wadda ta karanci aikin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Shekara 5 ake yi a jami'a ana wannan karatun, nan BUK ma ana yi, a gama a yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan sai hukumar RRBN mai rajistar masu wannan aikin, da aka kafa tun 1987, ta ba mutum cikakken lasisi. Shi kuma hoton mama sai an ƙara samun horo a kansa daban, don ba ɗaya yake da hoton karaya ko na ƙirji ba. Duk da haka sai ka ji ana cewa ai mai hoto ce kawai, maɓalli za ta danna. Wannan maganar tana min ciwo gaskiya.

Ku gane wani abu jama'a, likitan da zai karanta hoton nan yawanci ba ya ɗakin, ƙila ma bai taɓa ganin fuskar matar ba, yana can gaban kwamfuta abin da aka turo masa kawai yake kallo. Abin da bai shiga hoto ba babu yadda za a yi ya gan shi, ko da kuwa farfesa ne. Hoto 4 ake ɗauka a gwaji na yau da kullum, biyu a kowane ɓangare, ɗaya daga sama zuwa ƙasa da suke ce wa CC, ɗaya kuma a karkace daga gefe har cikin hammata, shi ne MLO. To wannan na karkacen nan ne ake gane gwana. Sai ta juya injin daidai da ginin jikinki, doguwa daban gajeriya daban, mai jiki daban siririya daban, ta ɗora hannunki a gefen injin, ta sa ki saki kafaɗa, ta sa hannu ta jawo naman tun daga ƙirji ta ɗaga shi sama da gaba, har sai tsokar ƙirji ta fito a hoton ta sauko daidai saitin kan nono, ta tabbatar fata ba ta naɗe ba, haɓarki ko gashinki ko ɗayan maman bai shigo ya tare ba. Me ya sa duk wannan wahalar? Saboda ɓangaren sama na wajen hammata nan ne cutar ta fi yawan fitowa, kuma nan da can jikin ƙirji su ne wuraren da suka fi saurin kuɓucewa in an yi gaggawa. Sai a bar ɗan wuri kaɗan a waje, likita ya duba ya ce lafiya lau, mace ta koma gida da murna alhalin abin yana nan bai dai shiga hoto ba. Wannan shi ne abin tsoron.

Sai maganar matsi, wanda shi ne ke korar mata da yawa. Eh ana matsawa, akwai wani faifan roba mai gani-har-hanji da ke saukowa ya danne maman, kuma babu daɗi, wata ma har ƙwalla, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma daƙiƙoƙi ne a sake. Kuma ba mugunta ba ce, kamar dai shinkafa ce in kina so ki tsince tsakuwa ai sai kin baza ta a tire, a cikin kwano ba za ki gani ba. In an baza naman abin da ya ɓuya yana fitowa, hoton ba ya rawa, sannan hasken eksiren da jiki zai sha yana raguwa. Aikin ma'aikaciyar ne ta san iya inda za ta tsaya, in ta ji tausayi ta yi sako-sako hoto ya lalace a sake kiran mace, in kuma ta danna ba bayani ba lallashi matar nan ba za ta ƙara dawowa ba har abada, kuma za ta hana ƙawayenta da 'yan unguwarsu zuwa. Masu cewa matsin ne ke jawo kansa ko yana fasa ƙullutu ya bazu, dan Allah a daina yaɗa wannan, ba gaskiya ba ne.

Na raka gwaggona ta yi, mace ce mai tsananin kunya irin matan cikin gari na da, ko a gaban 'ya'yanta mata ba ta sauya kaya. Ta yi wanka ta shafe jiki da mai, ta zuba hoda a hammata da ƙarƙashin mama saboda zafi, ta bi da humra, a ganinta ai ba ka zuwa gaban mutane haka nan. Yarinyar da ke ɗakin, don a haife gwaggo ta haife ta, sai da ta gaishe ta da kyau tukuna ta ce, "Hajiya kin shafa hoda ko abin hammata yau?" Gwaggo ta ce, "To 'yar nan da haka zan zo miki?" Sai ta yi murmushi ta miƙo mata tsumma mai laima ta ce, "Ki yi haƙuri Hajiya a goge, hodar nan tana fitowa a hoto kamar ɗigo-ɗigo fari, irin abin da likita ke nema ne, kar mu tayar miki da hankali a banza." Ta ba ta rigar asibiti mai buɗewa ta gaba, ta ce ɓangare ɗaya kawai za ta buɗe ɗayan ya zauna a rufe, ta nuna mata ƙofa a kulle take babu namijin da zai shigo, kuma duk inda za ta taɓa sai ta faɗa kafin ta kai hannu. Ni aka ce in fita kafin a kunna injin. Da gwaggo ta fito albarka kawai take sa mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka ne, amma sai an samu wadda ta san darajar mutum sannan mace za ta saki jiki, kuma in ba ta saki jiki ba tsoka ta ɗaure, hoton ma ba zai yi kyau ba. Kun ga ashe lallashin ma cikin aikin yake.

Ɗigon da take magana a kai ƙananan taruwar sinadarin kalsiyam ne, wasu ba su kai milimita ɗaya ba, hannu ba zai taɓa jin su ba, kuma wani lokacin su ne alamar farko tun kafin a ji ƙullutu. Amfanin gwajin ke nan gaba ɗaya, a kama abu tun bai kai a ji shi da hannu ba.

Kafin ma a kai ga inji akwai tambayoyin da dole ta yi ta rubuta. Shekarunki nawa, kina da juna biyu ko kina zargin akwai, kina shayarwa, yaushe kika ga al'ada, an taɓa yi miki tiyata a wurin, akwai wadda ta yi ciwon a danginku uwa ko 'yar'uwa, kina jin ƙullutu kuma a ina, kan nono na fitar da ruwa ko jini. In akwai tabo ko tawadar Allah mai tudu sai ta sa alama don kar likita ya ɗauka wani abu ne a ciki. Dan Allah mata a riƙa faɗin gaskiya a nan, ba gulma take nema ba. Yarinya 'yar shekara 25 in ta zo da ƙullutu yawanci sikanin ake fara yi mata, don naman maman matashiya a cike yake, fari yake fitowa a hoto, cutar ma fari take fitowa, sai ta ɓuya. A Amurka shawarar da aka fitar a 2024 ita ce a fara daga shekara 40 duk bayan shekara 2, a Ingila daga 50 suke gayyatar mata duk shekara 3, wadda ke da tarihin ciwon a gida kuma likita zai iya cewa ta fara da wuri. Sannan an fi so a je kamar mako ɗaya bayan gama al'ada lokacin da jiki bai cika tsami ba.

Akwai kuma aikin da ba mu gani sam. Kafin majinyaciya ta farko ta shigo sai an gwada injin, akwai wani dunƙulen roba da aka binne ƙananan zare da ɗigo da ƙullutai na gwaji a ciki, ana ɗaukar hotonsa lokaci-lokaci a ƙirga nawa suka fito, in ba su fito yadda ya kamata ba to injin ya fara makancewa, dole ta tsayar da aiki ta kai rahoto ko da layi ya cika ana ta mita a waje. Ta goge faifan bayan kowace mace. Ta tabbatar suna da lambar kati daidai ne, dama an rubuta dama hagu an rubuta hagu, ku yi tunanin abin da zai faru in aka yi musaya a nan. Ga ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ga zafin Kano da injin ba ya so, sai da sanyin AC. Ita kanta tana tsayawa bayan gilashin kariya, tana maƙale da ɗan bajo da ke auna hasken da jikinta ya sha, hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya ce ke sa ido kan wannan a ƙasar nan. Ke da kika zo sau ɗaya kuwa abin da kika sha kaɗan ne, wajen 0.4 na ma'aunin mSv, kwatankwacin abin da kowa ke sha daga ƙasa da iska cikin mako 7 yana zaune a gidansa.

Abin da na fi so mu gyara shi ne matsa mata da tambaya. Ana gamawa sai a riƙe mata hannu, don girman Allah me kika gani, ki faɗa min ko mene ne zan iya ɗauka. In ta ce likita ne zai faɗa sai a ce tana da wulaƙanci ko ta ga wani abu tana ɓoyewa. Ba hurumin ta ba ne wlh. Ita tana duba hoton ne ta ga ya ɗauku da kyau ko a sake, fassara kuma ta likitan hoto ce, shi zai kwatanta da tsohon hoto in akwai ya ba da lamba daga 0 zuwa 6 a tsarin BI-RADS. 1 babu komai, 2 akwai abu amma ba mai cutarwa ba, 3 a dawo bayan wata 6, 4 da 5 sai an ɗebi nama an gwada, 0 kuma na nufin a ƙara hoto ko sikanin. Kuma yawancin waɗanda ake sake kira ba kansa ake samu ba a ƙarshe. Ku duba nauyin da ke kanta, wani lokacin idonta ya ga abin da ya ga, gabanta ya faɗi, amma dole ta daidaita fuska ta yi sallama da mace lafiya, ta tabbatar hoton ya isa gun likita da wuri. Ga amana, Kano duk girmanta ƙarama ce, za ta ɗauki hoton maƙwabciya ko surukar ƙawarta, su haɗu a gidan biki, bakinta alaikum.

Ba na cewa duk haka suke. Na taɓa jin wata a wani wuri tana daka wa dattijuwa tsawa wai ta tsaya da kyau tana ɓata mata lokaci, raina ya ɓaci sosai. Na san layi na da tsawo ma'aikata sun yi kaɗan, amma matar da ke gabanki ƙila kwana ta yi ba barci, ƙila sai da ta sayar da akuya ta biyo mota daga ƙauye. Wannan ba uzuri ba ne a aikin nan.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da kansar mama a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kowace yawa, ƙiyasin 2020 ya nuna sabbin kamu sama da 28,000 da mutuwa sama da 14,000. Kuma mafi yawan matanmu sai abu ya yi nisa suke isa asibiti, an zauna ana shafe-shafe ana cewa daji ba ya son ƙarfe ba ya son allura, sai ya fashe yana wari sannan a ɗauko ta zuwa asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, lokacin da hoton gano cuta da wuri ya riga ya wuce amfaninsa. Addu'a kam dole ce, amma a haɗa da zuwa asibiti. Maza ma suna yi fa, kusan 1 cikin 100 na masu ciwon namiji ne.

To mu da muke cewa ba mu yarda namiji ya ga jikin matanmu ba, kuma ina tare da wannan ɗari bisa ɗari, wa muke so ya tsaya a ɗakin in ba mu tura 'ya'yanmu mata sun karanta ba? Kowa so yake 'yarsa ta zama likita ko nas, in ba ta samu ba sai a ce ta haƙura. Iyaye dan Allah in yarinya na da ƙoƙari a kimiyya ku nuna mata wannan fannin lokacin cike JAMB, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ake zaɓa, irin na masu neman likitanci. Masu asibitoci da gwamnati kuma sayen inji kaɗai bai isa ba, a tura ma'aikatan nan ƙarin horo, a ware kuɗin gyara da na wuta, a ba kowace majinyaciya isasshen lokaci maimakon a cusa mata mutum fiye da ƙima a rana ɗaya. Magidanta ku kuma in ta ce za ta je ku ba ta kuɗin gwajin da na adaidaita, ku tuna mata ta tafi da tsohon hoton ko faifan CD ɗin da aka ba ta a baya.